Ramin Gero a Ƙarƙashin Gadon Iya Gumsu

A gidan Alhaji Modu da ke Fagge, ba a tambayar mahaifiyarsa shekarun mutum a sa ran jin lamba. In ka ce, "Iya Gumsu, shekarun wane nawa?" sai ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗaki, ta ce ai damina biyu bayan ruwan Bagauda aka haife shi. Ita kanta in ka matsa mata, abin da za ka samu shi ne kakarta ta ga yunwar da Hausawa ke kira Kakalaba, mahaifiyarta an yaye ta shekarar fara, ita kuwa haihuwarta ta biyu ta faɗo tsakiyar babban farin nan na saba'in da uku. Jikoki su yi ta dariya, su ce Kaka ba ta da kalanda sai masifu. Ba ta taɓa jin haushi ba. Cewa take yi, "Ku yi dariyarku. Shekarar ƙoshi wa ya taɓa raɗa mata suna?"

Barebari ne su, daga can arewacin Borno, amma sun haura shekara hamsin a Fagge, har Modu in ya yi Barbarci sai uwar ta gyara masa. Shi atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari. Ita kuwa an san ta a unguwa da abu biyu: sadakar gumba duk ranar Juma'a, da ɗakinta da ba ta yarda kowa ya share mata.

Daminar bana ce ta zo da magana. Ran wata Alhamis a watan Agusta, bayan azahar, sama ta ɓalle, aka yi awa uku ana zubawa kamar da bakin ƙwarya. Da can akwai kududdufi a bayan layinsu, shi ke shanye irin wannan ruwa, kwaɗi su yi ta wa'azinsu har kaka. Shekara huɗu da suka wuce aka cike shi da bola da ƙasa, aka yanka, aka jera shaguna. To, ruwa ya zo gidansa na gado ya tarar an zuba 'yan haya, ina kuke so ya nufa? Sai gidajen maƙwabta. A tsakar gidan Modu sai da ya kai ƙwauri kafin ya fara ja.

Washegari da hantsi aka ga tsagar. Ta taso daga kusurwar ɗakin Iya, daidai bayan gadonta na ƙarfe, ta hau bango a karkace har kusa da rufi. Ginin ƙasa ne na dā da aka yi wa shafen siminti. Da bangon waje ne, da da sauƙi. Amma bangon da ya raba ɗakin Iya da ɗakin da Ni'ima ke kwance ne, 'yar Modu, wadda ta zo wankan jego gida da jaririyarta Ikhlas, kwana ashirin a duniya.

Modu bai tsaya wata-wata ba, ya kira Nwabueze. Birkila ne daga Sabon Gari, ɗan kimanin shekara sittin, kansa duk furfura. Shi ya yi wa gidan shafe shekara ashirin da suka wuce, kuma Hausa a bakinsa ta fi Barbarcin Modu nesa ba kusa ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya rusuna.

"Mama, ina kwana? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, ɗan nan."

"Wannan gyaran kam ya wuce gona da iri," in ji shi, yana duban bango.

Bai taɓa tsagar da farko ba. Durƙusawa ya yi, ya juya cokalin gininsa, ya shiga ƙwanƙwasa daɓen ɗaki da ƙotar, taki ɗaya-ɗaya, kunnensa a karkace. Daga bakin ƙofa daɓe na amsawa da ƙarfi. Da ya matso ƙafar gado sai sautin ya sauya, ya koma irin na tulun da ba ruwa. Ya sake bugawa. Ya ɗan shaƙi iska.

"Alhaji, a ɗan ja gadon nan in duba."

"Ba za a ja ba," in ji Iya Gumsu.

Modu ya ce, "Haba Iya, minti biyu ne fa."

"Gadon da ubanka ya kafa da hannunsa? Ko kai da ka fito daga cikina ba ka taɓa ja ba, balle baƙo. A duba bango, bango aka ce ya tsage."

"Kamar ina jin tsami-tsami, Mama."

"Gasara na jiƙa. Ko ita ma sai an ja ta?"

Nwabueze ya yi murmushi, bai ja zancen ba. Wanda ya shekara arba'in yana shiga ɗakunan mutane ya san inda ake tsayawa. Ya fita, ya dawo da ɗan siririn gilashin taga mai tsawon yatsa biyu, ya kwaɓa siminti kaɗan, ya gicciya gilashin a kan tsagar, ya manne bakinsa na dama da na hagu. Ya ce haka maigidansa ya koya masa. Bango yana iya tsagewa ya tsaya cak shekara talatin, yana kuma iya ci gaba da buɗewa a hankali yadda ido ba zai gane ba. Ido ana ruɗinsa, amma gilashi ba ya miƙewa. In bango ya motsa ko da kaurin gashi ne, zai karye.

"Kwana uku za mu ba shi. In ya karye, kada a jira ni, a fitar da kowa. Ni da za a bi shawarata ma, mai jegon nan a sauya mata ɗaki tun yau."

"Mai jego ba ta yawon ɗaki," in ji Iya. "Iska ta shige ta, kai za ka yi jinya? Bangon nan ya ga ruwan Bagauda bai rusuna ba."

A gidan nan in Iya ta yanke magana a kan jego, an gama. Modu ya raka Nwabueze, ya wuce kasuwa, don can ma ruwa ya taɓa masa kaya.

To, bari in gaya muku abin da ke ƙarƙashin gadon, don ku daina ganin tsohuwa da taurin kai kawai. Rami ne. Zurfinsa ya kai ƙirjin namiji, an shimfiɗe cikinsa da ƙaiƙayi da tabarmi, an rufe bakinsa da katako biyu, an ja ledar ɗaki a kai. Cike yake da gero. Haka ake ajiyar hatsi a garinsu, inda ƙasa busasshen yashi ce, rijiya kuwa sai an yi gaba arba'in kafin a ga laima. Marigayi mijinta ne ya haƙa mata shi a shekararsu ta farko a Fagge, ya manna shi da bango don gado ya rufe. Bai so ba, amma ya ga in bai haƙa ba matar ba za ta ƙara barci ba. Tun da ya rasu, duniya ba wanda ya san da ramin sai ita.

Abin da ya kai ta ga haka, shekarar farin ce. Damina biyu sama ta ƙi. Shanu suka zube, maza suka bazama neman abinci, mata suka koma sussukar ƙarangiya da tona gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da suka tara. Modu yana shekara huɗu. A bayanta kuma akwai Huseina, wata biyar, wadda 'yar'uwar tagwaicinta ta koma tun ranar haihuwa. Nonon Gumsu ya ƙafe. Ta ɗauki ƙoƙo ta je ƙofar wata maƙwabciya da kowa ya san mijinta na da ramin gero, ta roƙi ko cikin tafi ɗaya ta dama wa yarinya. Matar ta rantse da Allah ba su da ko ƙwaya. Da yamma Gumsu ta jiyo ƙamshin kunu daga bayan dangarsu.

A hanyar fitowa Huseina ta cika, a bayan uwarta, ba ta ko yi kuka ba. Maza suka karɓe ta, suka shiga daji da ita, suka dawo hannu wofi. Mace ba ta bin gawa, saboda haka Gumsu ba ta ga inda aka sa ta ba, ko itacen da ke kusa ba ta sani ba. Ranar ta yi wa kanta alkawari biyu: ba za ta ƙara tsayawa a ƙofar kowa da ƙoƙo ba, kuma hatsin da aka san da shi ba ajiya ba ne. Tun daga nan, duk kaka sai ta sayi sabon gero tiya-tiya, ta auna wa kowane rai na gidan rabonsa, ta zuba. Tsohon kuwa shi take fitarwa da ludayi mai dogon hannu, ta yi gumbar Juma'a. Unguwa na yabon alherinta, ita kuwa ta san juyin ajiya take yi. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Shekara hamsin dabarar tana ci, don kududdufi na tsare mata ƙasa. Ita ba ta taɓa haɗa biyun a ranta ba. Fari ta sani, fari take jira. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kawowa a ranta cewa masifa na iya ɓullowa ta ƙarƙashi ba, a jiƙe.

Bayan tafiyar su Modu ta sakaya ƙofa, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗaga katako ɗaya. Wani ɗumi mai tsami ya bugi fuskarta. Geron ya sha ruwa ya kumbura, har ya turo katakon sama. Ta tura hannu, ta ji shi da zafi kamar jikin mai zazzaɓi. Ta mayar da katako, ta zauna a bakin gado, ta ce wa kanta na sama ne kawai ya jiƙe, in rana ta fito kwana biyu ƙasa za ta tsotse. Ta san ƙarya take yi wa kanta, amma ƙaryar ta fi gaskiyar daɗin zama.

Ranar Asabar da safe aka ɗan yi yayyafi. Tana lazimi bayan ta idar da walaha sai ta ji ƙas, ƙaramin sauti, kamar an taka ƙwan fitila. Ta waiga. Gilashin ya rabu biyu, tsakaninsu har tsinken tsintsiya zai shiga.

Wallahi abin da ta yi bayan nan, ita kanta ba ta taɓa zaton za ta iya ba. Ta tashi ta ɗauko hijabinta, ta rataye a ƙusar da ke saman wurin, ya sauko ya rufe gilashin ruf. Ta san in aka gani za a ja gado, in aka ja gado za a kwashe geron a cike ramin da kankare, ta koma tsohuwar da ke kwana a kan ƙasa wofi, abincinta a hannun kasuwa da sama. Modu ya leƙo zai fita.

"Iya, ya gilashin Nwabueze?"

"Yana nan inda ya sa shi."

"Alhamdu lillahi. Sai na dawo."

"Allah ya tsare."

Ba ta yi ƙarya da baki ba, haka ta gaya wa kanta, ai yana nan inda ya sa shi. Amma goron da ta jefa a baki ya ƙi tauno.

Wajen sha ɗaya gidan ya yi tsit. Matar Modu na bayan gida tana hura wutar ruwan wanka. Iya na zaune sai ta ji wani siririn sauti, shuuu, ya tsaya, ya sake. Ƙasa ce ke zubowa daga tsagar, tana taruwa a kan matashinta. Ta ɗaga gefen hijabin. Tsagar da jiya ba ta wuce kaurin zare ba, yau haske na ratsowa ta cikinta. Ta kara ido.

Ta hango ɗakin jego. Ni'ima ta yi barci a zaune, kanta a jingine da wannan bangon dai. Jaririyar na kan cinyarta, ta saki nono, bakinta na ta motsi, ƙafarta ɗaya ta fito daga zani, tafin bai fi babban yatsan Iya ba. A kan zanin akwai 'yan ɓarɓashin jar ƙasa.

Nan Gumsu ta ji abin da ba ta ji ba tun tana 'yar shekara ashirin da biyu. Ta ga ƙoƙo, ta ga ƙofa, ta ga matar da ta rantse. Shekara hamsin tana tsine wa matar nan a zuci, ashe ba ta taɓa tambayar kanta me matar ke ji a bayan danga ba. Tsoro ne, ba mugunta ba. Irin wannan tsoron dai da ya sa ta rataye hijabi. Ga shi yau ita ce a bayan danga da geronta, jaririya na ɗaya gefen. Kunya ta kama ta.

"Ni'ima! Ke Ni'ima! Tashi ki fito da yarinyar nan!"

Ta fita ba ko takalmi, ta shiga ɗakin, ta sunkuci jaririyar da kanta. Ni'ima ta biyo ta a firgice tana gyara ɗaurin ƙirji.

"Kaka, lafiya? Ba ke kika ce mai jego ba ta..."

"Na ce, yanzu kuma na warware. Bakina ne ko naki? Ku koma falon ubanki. Kada wanda ya ƙara shiga ɗakunan nan biyu, ko me ya manta."

Ta koma da wuƙa ta ɓanɓaro rabin gilashin, ta ƙulle a haɓar zani, ta zura hijabi. Matar Modu ta ce a kira Alhaji a waya mana. Iya ta ce a bar shi da jiƙaƙƙun atamfofinsa. Gaskiyar ita ce, akwai maganar da ta fi sauƙin faɗa wa bare kafin ɗan cikinka. Ta tari adaidaita a bakin titi, ta ce Sabon Gari, bayan kasuwa, gidan bulon Nwabueze.

Hanya duk caɓi. Ta gefen kasuwar Singa an baje buhunan da ruwa ya taɓa, masu kaya sun yi jugum-jugum. Gabas kuwa hadari ya fara haɗa gira. Tun zuwanta Kano ba ta taɓa shiga lungunan Sabon Gari ita kaɗai ba, sai ga ta yau tana tambayar masu faci da masu sayar da garin rogo, ana nuna mata da baki, har aka kai ta wani fili da aka jera bulo. Nwabueze na tsaye yana ba bulon ruwa. Da ya gan ta sai ya saki tiyo.

"Mama! Ke da kanki? Bridget, kawo kujera!"

Matarsa ta kawo kujerar roba da ruwa a kofi, ta gaishe ta, ta koma ciki. Iya ba ta sha ba. Ta kwance haɓar zani ta miƙa masa.

"Yaushe?" in ji shi.

"Da hantsi. Na rufe shi da hijabi."

"Mai jegon fa?"

"Na fitar da su." Ta gyara zama a kan kujerar. "Ba gasara ba ce, ɗan nan."

Ta gaya masa duka, ramin da geron da shekarar farin. Sunan yarinyar ne kawai ta tsallake, ta ce "wata 'ya tawa". Ta zaci zai yi salati irin nasu, ko ya yi dariya. Sai ya jawo bulo ya zauna a kai, yana juya gilashin a hannu.

"Na san akwai rami, amma na zaci tsohuwar rijiya ce. Mama, kin san me ya kawo ni Kano? Ba kuɗi ba ne. A garinmu can gabas ba fari ke korar mutane ba, ƙasa ce ke cin su. Ruwa ya yi ta zaizaya, kwazazzabo ya yi ta matsowa, bana ya ci gona, baɗi ya ci hanya. Ina yaro tsaga ta fito a bayan gidanmu. Kullum da safe kafin mu tashi, babana sai ya cika ta da yashi, ya share wurin da tsintsiya. Mu a ce mana ba komai. Kabarin mahaifinsa na cikin gidan, a wurinmu kuwa ba a barin uba a tafi."

"Sai aka yi yaya?"

"Wata Lahadi muna coci aka yi ruwa. Muka dawo muka tarar rabin gida a ƙasan rami. Allah ya taimaka ba kowa a ciki. Amma kin san abin da ya fara tafiya? Kabarin. Daga nan muka watse, wani Legas, wani Anaca, ni nan. Unguwarmu gaba ɗaya yanzu a waya take haɗuwa. Babana bai ƙara dariya ba har ya mutu." Ya miƙe, ya kakkaɓe wando. "Shi ya sa nake sa gilashi. Ba don bango ba ne kawai, Mama. Don masu gida ne. Kowa da abin da yake sharewa da tsintsiya."

"Ni fari na sani," in ji ta a hankali. "Ina gudun gara, ashe gidan zago na faɗa."

"Kowa masifar da ta cije shi yake tsaro. Tashi mu je kafin hadarin nan ya sauko."

Kafin la'asar Nwabueze ya tokare bangon da katakai ta ɗakunan biyu. Aka buga wa Modu waya, ya dawo a guje. Maƙwabta kuwa, da ma ba a gayyatarsu, suka cika tsakar gida. Aka ja gadon ƙarfe, karo na farko tun da aka kafa shi, ƙafafunsa suka bar ramuka huɗu a daɓe. Nwabueze ya naɗe leda, ya ɗaga katakai.

"La'ilaha illallahu!" in ji wata maƙwabciya.

Geron ya tsiro. Saman ramin duk farin tsiro ne cunkus, siriri, wanda bai taɓa ganin rana ba, ya lanƙwashe ya bi ƙarƙashin katako yana neman hanya. Ƙarƙashinsa kuwa ruɓaɓɓe ne baƙi, yana tururi, ruwan kwata ya cika shi. Gefen ramin da ke jikin bango ya zabge, harsashin ginin na rataye a kan iska. Nwabueze ya nuna wa Modu da cokali, Modu ya dafe kai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iya Gumsu ta zauna a kan turmi a tsakar gida, a gaban kowa, tana kallo ana fita da ajiyarta a kwanon sarki ana zubarwa. Wasu na ƙus-ƙus, wasu na toshe hanci. Wata ta ce ashe gumbar Juma'a daga nan take.

Modu ya zo ya tsuguna a gabanta. Mutum mai shekara hamsin da biyar, da furfura a gemu, amma muryarsa ta koma ta yaro.

"Iya, me ya sa? Na taɓa barin gidan nan ba abinci? Ko sau ɗaya?"

"Ba ka taɓa ba."

"To, wa kike tara wa?"

"Ku. Kowa da rabonsa. Duk kaka ina aunawa, kai, matarka, yara. Bana har na sa na jaririyar nan tun tana ciki."

Modu ya dubi tarin da aka zubar. Ɗan kasuwa ne, idonsa ma'auni ne. "Mu goma sha ɗaya ne, Iya, har da ita."

"Sha biyu nake aunawa."

Ya buɗe baki zai tambaya, sai ya tuna. Yana shekara huɗu lokacin farin. Abin da ya rage masa bai wuce zafin yashi a tafin ƙafa ba, da wani zani da ke bayan uwarsa da safe, da yamma kuma ya gan shi a ninke a kan kaya. A gidan nan ba a taɓa ambatar zanin ba, balle abin da ke cikinsa.

Aka gama kwashewa, aka kwarfe ruwan. Nwabueze ya sa aka kawo yashi da tsakuwa, za a cike ramin a danne kafin a zuba kankare. Ya cika shebur, ya kai bakin ramin, sai ya tsaya. Ya juyo ya leƙo tsakar gida.

"Mama, in zuba?"

Ta tashi. Ta ratsa mutane ta shiga ɗakin, ta tsaya a bakin ramin. Ba ta taɓa ganinsa wofi da rana ba. Ashe ƙarami ne. Ta daɗe tana dubansa, har Modu ya matso ya tsaya a bayanta. Sannan ta sunkuya, ta cika tafinta da yashi daga kan shebur ɗin, ta ce bismillahi, ta watsa a ciki. Ta ƙara na biyu, ta ƙara na uku.

"Allah ya jiƙanki, Huseina," in ji ta, da ƙarfi yadda kowa ya ji. "Ga shi na gani da idona. Kwanta."

Modu ya sa hannu ya rufe fuska. Nwabueze ya cire hularsa, ya jira har ta juya, sannan ya zuba shebur na farko.

Tana fitowa aka fara yayyafi, maƙwabta suka watse da gudu kwashe shanya. Ta wuce falo. Ni'ima na zaune a kan katifa, jaririyar na ta tsala kuka.

"Ke kuma me kike jira? Ba ta nono mana."

Ni'ima ta sa ta. Kukan ya yanke. Iya Gumsu ta zauna a ƙasa kusa da su, ta kara kunne daidai wuyan yarinyar, ta ce kowa ya yi mata shiru, tana so ta ji haɗiyar.